Wa Za A Bar Wa Inna

Auta ta sake kama hannun rigar yayanta Direba a kan bencin asibitin, ta ce kada ya bar Inna da yaron nan. Direba ya cire hannunta a hankali ya ajiye mata a cinya. Tun daga gida take nanata maganar, a mota ma ita ta yi ta yi, ga shi yanzu mutanen da ke kan layi sun fara juyowa suna kallonsu.

Gobe da sassafe zai ɗauki babbar mota ya kama hanya, irin tafiyar da ba a dawowa sai an yi makonni. Kamfanin da yake wa tuƙi ya ɗaga masa ƙafa har ya gaji. Manaja ya faɗa masa ƙiri-ƙiri, in bai tashi gobe ba akwai masu jiran kujerarsa. A gida kuwa ga mahaifiyarsa Inna kwance, ɓarin jikinta ya shanye tun bara, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Sai an juya ta, sai an ba ta abinci a baki, sai an wanke ta. Matar maƙwabci ce ke zaune da ita yau, ita ma ta ce alfarmar safiya ɗaya ce, tana da nata aikin. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Mutum biyu kaɗai yake da su da zai bar wa tsohuwar: ƙanwarsa Auta, wadda ake kawowa ɓangaren masu taɓin hankali tana karɓar allura, da ɗansa, wanda duk unguwa ke kira Lauya.

Lauya bai yi karatun lauya ba, sakandare ma da ƙyar ya ƙarasa. Baki ne ya jawo masa sunan. Yanzu haka yana can tagar karɓar kati, riga a goge, jakar Gwaggonsa a kafaɗa, ya sa nas ɗin da tun safe take ɗaure wa kowa fuska tana dariya har tana rufe baki.

Abin da ya kawo rigimar shati ne. Direba ya dawo daga tafiyar ƙarshe ya tarar da wurare baƙi-baƙi a damtsen Inna da cinyarta, inda jini ya kwanta, irin na mintsini. Auta ta ce Lauya ne, idan ya ga ba kowa sai ya shiga ya murɗe fatar tsohuwar yana kallon fuskarta. Lauya bai ko yi fushi ba. Idonsa ya ciko, ya ce shi ba ya so ya faɗa, amma Gwaggo ce, idan abin ya motsa mata ba ta sanin me hannunta ke yi. Aka tambayi Inna, ta yi ta kallon rufin ɗaki, miyau na bin gefen bakinta. Mai kantin magani na bakin titi kuma ya ce fatar tsoho ko juya shi ka yi da ɗan ƙarfi sai ta yi haka. Magana uku ke nan, kuma Direba bai ga ta kamawa ba.

In don mutanen unguwa ne, an gama shari'a. Kowa yana tuna ranar da Auta ta fito titi a guje ba ɗankwali, almakashin ɗinkinta a hannu, tana cewa rediyo na karanta abin da ke zuciyarta. Ba ta taɓa kowa ba ranar, gudu take yi, ba bin wani take yi ba. Amma almakashin ake tunawa. Tun daga lokacin mata suka daina kawo mata ɗinki, uwaye na janye 'ya'yansu idan ta wuce. Lauya kuwa shi ne mai ɗaukar wa tsofaffi kaya, mai durƙusawa har ƙasa ya gaishe ka, mai matsa wa kakarsa ƙafa idan an zo dubiya.

Jiya da yamma ya zo da wayarsa ya zauna kusa da ubansa. Ya nuna masa hotunan wasu mutane na wata ƙasa, masu kashe jama'a su koma gida su ci abinci. Ya ce sunan irinsu saikofat, kuma ya bincika sosai, ciwon Gwaggo ke nan. Ya ce gara a roƙi likita ta riƙe ta a asibiti har Baba ya dawo, shi zai kula da Inna, ai kakarsa ce. Direba ya kalli hotunan, ya kalli ƙanwarsa da ke tsugune tana wanke zanen Inna, bai ga kama ba. To amma shi me ya sani? Aji nawa ya yi a makaranta kafin ya bi mota?

Nas ta leƙo da kati a hannu. Ta dubi Lauya, ta dubi Auta da ke zaune tsaf da mayafinta, sannan ta dubi Direba, wanda bai yi aski ba, ido ja, yana ta motsa baki shi kaɗai yana lissafin hanya. Shi ta yi wa magana, cikin lallami, ta ce Baba ya taso, ba abin tsoro ba ne. Sai da Lauya ya ce a'a, wannan lafiyarsa ƙalau, direba ne kawai. Layin ya kwashe da dariya, har da Auta. Direba bai yi ba.

Likitar mace ce, ta manyanta, tabarau a kan hanci, fanka na juyawa a samanta ba ta kawo iska. Ta fara ganin Auta ita kaɗai, aka daɗe, sannan aka kira su. Ta ce Auta na shan magani yadda ya kamata, barci ya daidaita, rediyo ya daina yi mata magana. Abu ɗaya ne bai yi mata daɗi ba: muryoyin sun tafi duka, sai wata guda da ta dawo a 'yan watannin nan, tana kiran sunanta. Ta ce ba za ta ƙara ƙarfin allurar ba tukuna, za ta so a dawo da ita da wuri a sake dubawa.

Nan Lauya ya gyara zama ya nemi izini. Ya yi magana mai tsari, da Turanci jefi-jefi, har Direba ya ji wani abu kamar alfahari ya taso masa. Ya ce su a gida suna cikin tsoro, akwai tsohuwa marar ƙarfi, an ga shati a jikinta, kuma bisa bincikensa Gwaggo na da saikofatoloji mai tsanani, watau dai saikofat ce, don haka yana roƙon a kwantar da ita. Auta ta buɗe baki, Lauya ya dafa kafaɗarta ya ce ta yi haƙuri, don ita ake yi.

Likita ta saurare shi har ya kai aya. Ta rubuta magani, ta miƙa masa, ta ce tunda shi ne mai ƙafa ya raka Gwaggonsa ɗakin allura, daga nan ya bi layin karɓar magani. Ya karɓa da hannu biyu. Da ƙofa ta rufe, ta cire tabarau ta murza ido.

"Malam, kai me kake so ka tambaya? Tun da ka shigo bakinka ke motsi."

"Likita, ni ban yi boko ba. Abu ɗaya nake so in sani. Ƙanwata tana da wannan abin da yaron ya faɗa, ko ba ta da shi?"

Ta tambaye shi wanne, don abu biyu yaron ya faɗa. Ya ce shi duk ɗaya ya ji su. Sai ta ce to na farkon, saikofatoloji, ba ciwo ba ne ma. Sunan ilimin ne gaba ɗaya, karatun da ake yi a kan cututtukan ƙwaƙwalwa da na hali, yadda suke farawa da yadda ake gane su. Ta ce wanda ya ce mutum ya kamu da shi kamar ya ce mota ta kamu da kanikanci ne. Wannan kam ta shiga kan Direba, har ya ɗan saki fuska. Ya ce to saura ɗayan.

Ta ce ɗayan ma ba nata ba ne. Abin da ke damun Auta sunansa saikosis. Mutum ya ji muryar da babu, ya ga abin da babu, ko ya yarda da abin da ba haka ba ne, ka kawo masa hujjar duniya ba zai saki ba, don shi a wurinsa gaskiya ce yake gani. Ba mugunta ba ce, ba rashin imani ba ne, kuma yana jin magani. Ta ce yawancin masu shi tsoro ne ke cinsu, kuma abin da ta fi gani a wannan ɗakin shi ne a cuce su, ba su cuci wani ba.

Direba ya ce akwai wata tafiya da ya yi bai runtsa ba, ya ga katanga a tsaye a tsakiyar titi, ya taka birki har kaya suka zube a baya. Da ya sauko ba katanga ba alamarta. Likita ta ce to ya ɗanɗana kaɗan, rashin barci na yin haka. Bambancin shi ne shi ya kwanta ya tashi katangar ta tafi, ita kuwa tata ba ta tafiya sai da magani, kuma ba wanda ya daina gaishe shi saboda ya taka birki.

"To shi saiko... na hoton wayar fa?"

Ta ce wannan wata hanya ce daban, sunan ne kawai ya yi kama. Shi wanda ake kira saikofat ba ya jin murya, ba ya ganin katanga. Ya san yau, ya san gobe, ya san daidai ya san ba daidai ba, sau da yawa ma ya fi kowa iya magana a ɗaki. Abin da ya rasa shi ne zafin wani ba ya isa gare shi. Zai cuce ka, ya ga kana kuka, abin bai taɓa shi ba. Zai yi ƙarya ido cikin ido, in an kama shi ya sake wata, in kuka ne zai fisshe shi ya yi kukan. Ba ya nadama, sai dai ya koyi yadda masu nadama ke yi. Ta ce kuma ya cire hotunan nan daga kansa, yawancinsu ba su taɓa kashe kowa ba, suna nan a ofis da kasuwa da cikin gida.

Ya ce to ai wannan ba mahaukaci ba ne. Ta ce ita ma ba ta ce mahaukaci ba ne. Ya ce to in ba mahaukaci ba ne me ya kawo sunansa asibitin mahaukata? Ta ce nan ba asibitin mahaukata ba ne. Ya dubi bango, ya dubi fanka. Kansa ya fara ɗaurewa.

Kamar hakan bai isa ba ta ƙara masa na huɗu, don ta ce zai ji shi a bakin yaron ko a waya: sosiyofat. Ta ce mutane na musanya shi da saikofat yadda suka ga dama, masana ma ba bakinsu ɗaya ba. Masu rarrabewa suna cewa shi wannan mai zafin kai ne, ba ya iya ɓoyewa, yau faɗa gobe ofishin 'yan sanda, ba ya zama a aiki, kuma galibi wahalar tasowa ce ta mai da shi haka, yana iya son mutum ɗaya ko biyu da gaske. Wancan saikofat ɗin kuwa mai sanyi ne, mai shiri, kuma ana ganin da wani abu a cikin halittarsa tun farko. Direba ya ce in dai zafin kai ne da 'yan sanda, to rabin direbobin tasharsu ke nan. Ta yi dariya ta ce a'a, fushi kaɗai ba ya isa, sai an ga mutum ya mai da taka haƙƙin jama'a hanyar rayuwarsa tun yana yaro. Ta ce su a takardar asibiti ma ba sa rubuta ko ɗaya daga cikin sunayen biyu, suna da wani dogon suna da ya haɗa su.

Direba ya gwada maimaitawa don ya riƙe. Ya ce na ƙanwarsa shi ne mai sanyi. Ta ce a'a. Ya ce to shi ne karatun. Ta ce a'a, karatun shi ne na farko. Ya ce to mai jin murya shi ne mai son mutum ɗaya ko biyu. Ta ce Malam, bar sunayen, ba jarrabawa za ka rubuta ba.

Ya bar su. Amma wani abu ya ƙi barinsa, tun lokacin da ta ce in kuka ne zai fisshe shi ya yi kukan. Shekarun baya Lauya ya ari babur ya buge wani dattijo mai sayar da jarida, ƙafa ta karye. A gaban 'ya'yan mutumin ya yi kuka har da shessheƙa, har su da aka yi wa ɓarna suka koma ba shi haƙuri. Suna fitowa bakin ƙofar asibitin ya share fuska, ya dubi ubansa ido a bushe ya ce, Baba, na iya ko? Direba ya ɗauka ruɗewa ce ta yaro. Ga wuraren aikin da yaron ya bari, kowanne da labarin yadda aka zalunce shi, labari mai kyau, har ka ji kana jin haushin mutanen da ba ka taɓa gani ba. Na ƙarshen ne ya dawo da shi gida 'yan watannin nan. Amma kuma yaron nan bai taɓa ɗaga masa murya ba. Bai taɓa zagin kowa a gabansa ba. Yana wanke masa mota ba a sa shi ba.

Ya faɗa wa likita wannan duka, a hargitse, yana haɗa na bara da na shekara goma. Sannan ya tambaye ta kai tsaye ko ɗansa shi ne wancan mai sanyin.

"Ba zan sa wa mutum suna daga labari ba," in ji ta. "Minti nawa na gan shi? Ya yi mini ladabi, ya faɗi abin da ba daidai ba. Mutane da yawa na karanta waya su faɗi abin da ba daidai ba."

"To ita fa? Da ta ce ta gan shi yana mintsinin Inna, ciwon ne ko gaskiya ce?"

"Ban sani ba. Ciwon bai cire mata ido ba, Malam. Tana iya faɗin abin da babu, tana iya faɗin abin da ta gani. Matsalarta ita ce duk wanda ta faɗa, an riga an san amsar da za a ba ta."

Ya ce to shi gobe zai tafi, wa zai bar wa uwarsa? Ta ce abin da za ta iya faɗa a matsayinta shi ne ba ta ga dalilin kwantar da Auta ba, kuma a yadda take yanzu tana iya kula da mutum, in akwai mai leƙo su. Ta ce a kai tsohuwar a duba shatin. Sauran kuma gidansa ne. Ya tambaya, in a ce yaron ne, akwai allurar da ake yi wa irinsa? Ta girgiza kai, ta ce wannan ba ya jin allura, sai dai zama da masana na dogon lokaci, shi ma in mutum ya yarda yana da matsala, kuma ba kasafai suke yarda ba. Ta mai da tabarau. Nas ta riga ta turo ƙofa da wani katin.

Ya fito ya fi yadda ya shiga ruɗewa. Da safe yana da mahaukaciya ɗaya da mai hankali ɗaya, abin da sauƙi ko da ba daɗi. Yanzu an ce mai jin murya tana iya yin gaskiya, mai hankalin kuma hankalinsa ba shaida ba ne, kuma wadda ta yi karatun ta ce ba ta sani ba.

Ya same su a bakin mota. Lauya ya sayo wa Gwaggonsa ruwan sanyi, ya buɗe mata ƙofa, ya tambayi Baba yaushe za a kawo mata kayanta. Direba ya ce ba a riƙe ta ba. Lauya ya ce to Allah ya sa haka ya fi alheri, likita ta fi su sani. Ya shiga baya kusa da ita kamar yadda suka zo, wai don ya riƙe ta in abin ya motsa.

Motar ta wani bakanike abokinsa ce, ƙaramar mota tsohuwa, ya ara don yau. Komai nata a kwance yake. Madubin ciki ma da an faɗa rami sai ya sunkuya, ka ɗaga shi ya sake sunkuyawa. Direba ya saba da babbar mota, inda madubin gefe ne abin dubawa, don haka da ya gaji da ɗagawa sai ya ƙyale shi.

A kan gadar kasuwa suka shiga cunkoso. Rana ta take, masu babur na kutsawa ta ko'ina, ana ta danna ham kamar shi zai buɗe hanya. Wani ya gogi bayan motar, Direba ya ɗaga ido don ya ga ko waye. Madubin ya sunkuya, bai nuna masa titi ba. Kujerar baya ya nuna masa, daga hanci zuwa ƙirji, haɓar Auta da haɓar ɗansa.

Fuskar Lauya na wajen taga, kamar mai kallon 'yan kasuwa. Leɓɓansa na motsi. Kaɗan, ta gefen da Auta take. Suka buɗe, suka tattaru, suka sake buɗewa.

Auta ta zabura, robar ruwan ta faɗi.

"Kun ji? Yaya, ka ji an kira ni?"

"Ba wanda ya yi magana, Gwaggo," in ji Lauya, da muryar nan tasa mai laushi. "Sannu. Allurar ce ba ta gama bin jiki ba."

Ya ɗauko mata robar, ya goge, ya miƙa mata. Na baya ya danna ham, Direba ya matsa gaba kaɗan ya sake tsayawa. Bai ji komai ba, wannan gaskiya ce, a cikin wannan hayaniyar ko ihu aka yi da ƙyar ya ji. Baki kawai ya gani. Mutum na iya motsa baki yana bin waƙa. Yana iya yin addu'a. Yana iya cire wani abu daga haƙori. Shi kansa ɗazu an ɗauke shi marar lafiya saboda motsa baki. Ya tambayi Lauya ko cingam yake ci. Ya ce a'a Baba, ko a sayo maka? Ya ce bari.

Ya gwada da nasa bakin, ba sauti, yana kallon gaba. Auta. Baki ya buɗe, ya tattaru, ya sake buɗewa. To amma kalma nawa ce ke yin haka? Kuma shi da ya kwana biyu ba barcin kirki, shi da ya taɓa taka wa katangar da babu birki, wa ya ce idonsa abin yarda ne? Ya sake duba madubin. Leɓɓan suna rufe, a natse. Auta ta rungume robar ruwan a ƙirji. Har suka sauka daga gadar bai sake ganin komai ba, kuma bai ɗaga madubin ba.

A gida matar maƙwabci ta riga ta yafa mayafi tana jiransu. Ta ce Inna ta sha shayi, ta yi barci, ta farka. Ta ja Direba gefe ta tambaya da raɗa ko an dace, ganin Auta ta dawo. Ta ce shi dai ya gode wa Allah da ya ba shi ɗa irin Lauya, a zamanin nan samari nawa ne za su zauna jinyar tsohuwa? Ya roƙe ta ko za ta riƙa leƙowa safe da yamma in ya tafi, kuma ta raka su a duba jikin Inna. Ta ce leƙowa kam ba matsala.

Ya shiga ɗakin Inna ya zauna a bakin gado. Ya yi niyyar ya kalli idonta idan kowannensu ya shigo, ko zai karanta wani abu. Auta ta shigo da ruwan ɗumi a roba, idon Inna na kan rufi. Lauya ya shigo ya durƙusa ya ce sannu tsohuwa mai ran ƙarfe, yaushe za a tashi a yi mana rawa, idon Inna na kan rufi. Hawaye ya gangaro ta ido ɗaya, amma wannan idon kullum yana zubar da ruwa tun da ciwon ya same ta. Direba ya share mata da babban yatsa, ya tashi.

Ya sami Lauya a tsakar gida yana jera magungunan Gwaggonsa a kan tebur, yana karanta kwalayen.

"Ka haɗa kayanka. Gobe da kai za mu tafi."

Lauya ya ɗago. Direba ya zuba masa ido yana jira. Ya so ya ga fushi, ko mamaki, ko ciwon an zarge shi, wani abu dai da zai kama ya ce ga ɗansa. Fuskar ta tsaya cik na ɗan lokaci, ba komai a kanta, kamar gidan da aka kwashe kaya. Sai murmushi ya zo.

"To Baba. Da ma na daɗe ina so in ga hanya. Inna fa?"

"Akwai mai kula da ita."

Lauya ya ce shi ke nan, Baba ya fi shi sani. Ya tambaya ko ana sanyi a can, ya ɗauki rigar sanyi? Ya shige ɗaki yana 'yar waƙa. Direba ya tsaya yana tunanin makonnin da zai yi da shi a gaban mota, kafaɗa da kafaɗa, su ci tare su kwana tare, bai san ko ya raba uwarsa da mugu ba ne ko ya zalunci ɗansa a kan motsin baki. Ya nemi sunan abin ma a kansa, cikin huɗun nan, ya kasa kamo ko ɗaya.

Ya koma ɗakin Inna. Auta ta juya ta gefe ɗaya tana goge mata baya, tana yi mata hira ƙasa-ƙasa a kan layin asibiti da nas ɗin da ta ɗauki Yaya marar lafiya. Ya tsaya a bakin ƙofa, bayanta na gare shi. Ya ce gobe zai tafi da yaron, ita za ta riƙe Inna da gidan.

Hannunta ya tsaya a kan tawul. Ba ta juyo ba sai da aka ɗan jima. Da ta juyo, bakinsa ta kalla, ba idonsa ba.

"Yaya, kai ka faɗa, ko ji na yi?"

Ya shigo ciki, ya tsaya inda za ta gan shi sosai.

"Ni na faɗa," ya ce. Ya sake faɗa mata daga farko, a hankali, tana kallon bakinsa.